Ranar da Na Mayar da Yayata Namiji: Darasin Welsh Ga Wanda Ya Wuce Gaisuwa

Duk wanda ya saba wucewa ta bayan hostel ɗinmu bayan la'asar, na san ya taɓa ganina zaune a kan benci, abin sauraro a kunne, ina ta magana ni kaɗai da wani yare da ba Turanci ba, ba Larabci ba, ba kuma Faransanci ba. Wani ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ko lafiya. Abokin ɗakina kuwa tuni ya yanke hukunci: in dai abu ba ya cikin kwas ɗinmu, kuma ba ya kawo kuɗi, to ɓarnar data ce kawai. To yau dai ga bayani. Harshen Welsh nake koyo, wanda masu shi ke kira Cymraeg, harshen mutanen Wales da ke Birtaniya.

Dalilin kuwa na gida ne. Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a gundumar Gwynedd, can arewa maso yammacin Wales, kuma ta tafi da ɗanta tun yana shekara uku. A duk faɗin Wales, ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne ke iya magana da Welsh, wato kashi 17.8 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara uku. Amma a Gwynedd adadin ya haura kashi 64 cikin ɗari, kuma da Welsh ake koyar da yara a firamare. Kafin mu ankara yaron ya zama ɗan gari: Welsh a makaranta da filin wasa, Turanci a talabijin, Hausa kuwa sai ɗan abin da ya tsinta a bakin uwarsa in ta dawo daga aiki a gajiye. In na kira su ta bidiyo na ce masa, "Yaya makaranta?" sai ya ce, "Lafiya," ya miƙa wa uwarsa wayar. Abin ya tsaya min a rai. Yaron da na yi ta yawo da shi a kafaɗa yana neman zama baƙona.

Sai na yi masa tayi. Duk Asabar, minti goma shi ne malami, mu yi Welsh. Minti goma ni ne malami, mu yi Hausa. Kun san yaro da son a ce shi ne babba. Nan take ya yarda.

Wata shida na farko komai ya tafi daidai. Na sauke manhaja a waya, ina ta cin maki, na iya gaisuwa, na iya faɗin sunana da garinmu, na iya jera launuka da ranakun mako. Har na fara ji da kaina. Ranar da asirina ya tonu, wata 'yar tambaya ce ta jawo. So nake in tambaye shi ina motar mamarsa. Mota dai ita ce car. Na ce, "Lle mae ei gar hi?" Yaro ya fashe da dariya har wayar ta suɓuce masa. Da ya ɗauko ta sai ya ce, "Kawu, dynes ydy Mam!" Wato, Kawu, ai Mama mace ce! Ashe ei gar motarsa ke nan. Motarta kuwa ei char. Da harafi ɗaya na mayar da yayata namiji.

A ranar na gane cewa wata shida na yi ina haddar jumloli, ban taɓa buɗe injin na ga yadda yake aiki ba. Cibiyar koyar da Welsh ta ƙasar ta kasa karatun manya matakai biyar: Mynediad, Sylfaen, Canolradd, Uwch da Gloywi. Waya ta kai ni bakin mataki na biyu. Tsakanin Sylfaen da Canolradd kuwa akwai wani kwari, kuma na kwana biyu a cikinsa. Wannan darasi abin da na tsinto ne a can. Ko ba Welsh kake koyo ba, ka daure ka karanta. Mai fama da Faransanci ko Larabci ma yana da irin nasa kwarin.

Kalmar da ke sauya hula

A Hausa mun saba da canji a ƙarshen kalma: mota, motar, motoci. Welsh kuwa har farkon kalma yake taɓawa. Ana kiran wannan treiglad, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne treiglad meddal, sauyi mai laushi, kuma shi ya fi yawa. Baƙaƙe tara yake taɓawa: p ta koma b, t ta koma d, c ta koma g, b ta koma f, d ta koma dd, m ta koma f, ll ta koma l, rh ta koma r, ita kuwa g ta ɓace gaba ɗaya. Na biyu shi ne treiglad trwynol, sauyin hanci, mai baƙaƙe shida: p ta koma mh, t ta koma nh, c ta koma ngh, b ta koma m, d ta koma n, g ta koma ng. Na uku shi ne treiglad llaes, wanda na raɗa wa suna sauyin huci, mai baƙaƙe uku: p ta koma ph, t ta koma th, c ta koma ch.

Kuskurena na farko shi ne na zana jadawalin nan na manna a bango, na haddace shi tsaf. Amma in ana cikin magana, ina ka ga lokacin komawa bango? Abin da ya yi min aiki shi ne in ɗauki kalma ɗaya in zagaya da ita gidan kowa:

car: fy nghar i (motata), dy gar di (motarka), ei gar o (motarsa), ei char hi (motarta)
tad: fy nhad i (babana), dy dad di (babanka), ei dad o (babansa), ei thad hi (babanta)
pen: fy mhen i (kaina), dy ben di (kanka), ei ben o (kansa), ei phen hi (kanta)

Ka lura, layi ɗaya ya ƙunshi sauyin nan uku duka: fy na jawo na hanci, dy da ei na namiji suna jawo mai laushi, ei na mace na jawo na huci. Na jam'i kuwa, ein, eich da eu, ba sa taɓa baƙin: ein car ni, motarmu. Kullum kalma uku nake ɗauka, in faɗe su da ƙarfi a hanyar zuwa lakca, har sai baki ya riga ƙwaƙwalwa.

Haka nake yi da sunayen garuruwa. Caerdydd, wato birnin Cardiff: i Gaerdydd (zuwa can), yng Nghaerdydd (a can), a Chaerdydd (da shi). Bangor: i Fangor, ym Mangor. Ita kanta ƙasar sunanta Cymru, amma a allon kan iyaka Croeso i Gymru za ka gani, wato barka da zuwa Wales. Sunayen garuruwan waje irin su Kano galibi ana barin su yadda suke: yn Kano, i Kano.

Akwai kuma wasu ƙananan kalmomi goma sha biyu da ke jawo sauyi mai laushi: am, ar, at, dan, dros, drwy, gan, heb, hyd, i, o, wrth. Waɗannan kam hadda ce, babu wata dabara. Na rera su yadda muka rera haruffan jarra a ajin nahawu na islamiyya, suka zauna.

Sai matsalar ƙamus. Na taɓa ɓata kusan minti ashirin ina neman ardd, ban same ta ba, ashe gardd ce (lambu), g ɗin ce ta faɗi. Saboda haka ka koyi komawa da baya. Kalmar da ta fara da wasali ko w, in ba ta cikin ƙamus, sa mata g a gaba ka sake dubawa. In da f ta fara, gwada b sannan m: fwyd daga bwyd take (abinci), fam daga mam (uwa). Ka kuma tuna haruffan Welsh 29 ne, kuma ch, dd, ff, ng, ll, ph, rh da th kowanne harafi ɗaya ne mai zaman kansa. Ng tana bin g a jeri, shi ya sa angen (buƙata) ke zuwa kafin ail (na biyu).

Namiji da mace

A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, don mu tun muna yara mun san tebur namiji ne, kujera mace. Bambancin shi ne, a Hausa wasalin a na ƙarshe yakan tona asirin yawancin sunayen mata, Welsh kuwa ba shi da alama ɗaya bayyananniya haka. Jinsin kalma yana fitowa ne ta sauyin da take jawowa.

Sunan mace tilo yana laushi bayan y, kalmar da ke yin aikin -n da -r na ƙarshen "karen" da "kyanwar": cath (kyanwa) ta koma y gath, amma ci (kare) yana nan y ci. Sunayen da suka fara da ll da rh ba sa sauyawa a wannan gurbi. Sifar da ta bi sunan mace ita ma tana laushi: cath fach (ƙaramar kyanwa), ci bach (ƙaramin kare). Dalilin ke nan da ake cewa bore da da safe, amma noswaith dda da yamma. Ita nos da ta kwanciya barci ta saɓa wa dokar, haka aka gaje ta. Har lambobi suna da jinsi: dau gi da dwy gath, tri chi da tair cath, pedwar ci da pedair cath. Suna kuma tilo yake zama bayan lamba, kamar yadda muke cewa shekara goma ko naira ɗari.

Dabarata ita ce ba na rubuta suna shi kaɗai a littafina. Sai na haɗa shi da sifa mai tona jinsi: bwrdd bach (tebur), cadair fach (kujera), tŷ mawr (gida), pont fawr (gada). In na tuna kalmar, jinsinta na biye da ita. Amma kada ka yarda Hausa ta yi maka zaɓi. Tebur da kujera sun dace da namu, amma car namiji ne alhali mota mace ce, drws (ƙofa) namiji ne, afon (kogi) kuwa mace. Ƙarshen kalma na ɗan taimakawa: masu ƙarewa da -yn da -wr yawanci maza ne, masu -en, -es da -fa yawanci mata. Sunayen harsuna masu -eg ma mata ne, shi ya sa ake cewa y Gymraeg.

Yn guda uku

Wannan 'yar kalma ta wahalar da ni fiye da kowace, sai da na gane kalmomi uku ne suka sa riga iri ɗaya. Na haɗa jumla ɗaya da ta ɗauke su duka, kuma ita nake fara gaya wa yaron kusan duk Asabar:

Mae hi'n bwrw glaw ym Mangor, ond mae hi'n boeth yn Kano.
Ana ruwa a Bangor, amma ana zafi a Kano.

Yn ta farko, wadda ta gajarce ta zama 'n, tana gaban aikatau, bwrw, kuma ba ta taɓa shi. Ta biyu ma'anarta "a cikin", tana jawo sauyin hanci, har ita kanta ta koma ym: ym Mangor. Ta uku tana gaban sifa, sai ta sa poeth (mai zafi) ya koma boeth. Haka take yi wa suna: myfyriwr ɗalibi ne, amma "ni ɗalibi ne" Dw i'n fyfyriwr. Duk lokacin da ka ga yn, tambayi kanka: aiki ne ke biye da ita, ko siffantawa, ko wuri?

Babu "e" guda ɗaya

Wannan ma sai da yaron ya yi min dariya. Welsh ba shi da kalma ɗaya ta "e" ko "a'a" da za ta shiga ko'ina. Tambaya ce ke zaɓar amsarta.

Wyt ti'n barod? (Ka shirya?) Ydw, ko Nac ydw.
Oes gen ti arian? (Kana da kuɗi?) Oes, ko Nac oes.
Wnest ti fwyta? (Ka ci abinci?) Do, ko Naddo.
Fyddi di yno? (Za ka kasance a can?) Bydda, ko Na fydda.
Ga i fynd? (In tafi?) Cei, ko Na chei.
Myfyriwr wyt ti? (Ɗalibi ne kai?) Ia, ko Naci, a bakin mutanen arewa, a kudu Ie, ko Nage.

Abin bai kai yadda yake ban tsoro ba. Mu ma in aka ce, "Ka ci?" sau da yawa "Na ci" muke cewa, in aka ce "Akwai?" mu ce "Akwai." Sirrin shi ne ka kasa kunne ga kalmar farko ta tambayar. Na rubuta tambayoyi talatin a ƙananan takardu, na roƙi abokin ɗakina ya riƙa jefo min su, amsoshin suna rubuce a baya. Yana karantawa yana karya harshe yana dariya, amma aikin ya yi.

Inda Hausa ta zame min tsani

Da farko ta Turanci nake bi in shiga Welsh, don littattafan da Turanci aka rubuta su. Daga baya na ga hanyar ta fi kusa in na biyo ta Hausa.

Na ɗaya, mallaka. Welsh ba shi da aikatau na mallaka irin na Turanci. Mutanen kudu cewa suke Mae car gyda fi, wato akwai mota tare da ni. Na arewa su ce Mae gen i gar. Ai "ina da mota" ɗinmu ke nan, da "da" ɗinsa da komai. Haka jerin abu da mai shi: drws y tŷ ƙofar gidan, car Mam motar Mama. Abin yana gaba, mai shi yana baya, kamar namu.

Na biyu, ƙananan kalmomin da ke sauyawa da mutum. Yadda muke da mini, maka, masa, mata, haka ar (a kan) take da arna i, arnat ti, arno fo, arni hi, arnon ni, arnoch chi, arnyn nhw. Kuma da ita ake faɗin abin da ya hau kan mutum ba da sonsa ba: Mae annwyd arna i, mura ta kama ni; Mae ofn arni hi, tana jin tsoro; Mae hiraeth arno fo, yana kewar gida. Har bashi ma a kan mutum yake: Mae arna i bum punt i ti, kana bi na fam biyar. Mu ma ai cewa muke akwai bashi a kaina.

Na uku, kuma shi ya fi burge ni. Dubi waɗannan: "Mama tana girki" da "Mama ce take girki." Da muka jawo Mama gaba don ƙarfafawa, sai tana ta koma take. Welsh ma haka yake yi. Mae Mam yn coginio, Mama tana girki. Mam sy'n coginio, Mama ce take girki. Mae ta koma sy. Haka a tambaya: ba ma cewa "Wa yana magana?" sai "Wa yake magana?" Su ma Pwy sy'n siarad? In kuwa ana faɗin ko wane ne ko mene ne abu, ydy ake sawa, kamar a dariyar da aka yi min: Dynes ydy Mam. Mako biyu na yi ina karanta bayanin wannan da Turanci ban gane ba. Da na fassara misalan zuwa Hausa, cikin minti biyar ya zauna.

Inda Hausa ba ta cece ni ba shi ne "cewa". Kalmar ita ce bod, amma in wakilin suna ya shigo sai ta bi dokar mallaka: Dw i'n gwybod ei fod o'n brysur (na san cewa aiki ya yi masa yawa), ei bod hi'n brysur (ya yi mata yawa), fy mod i'n brysur (ya yi min yawa). Ka gani? Wanda ya yi zagayen fy nghar, ei gar, ei char, a nan zai ci ribarsa.

Tara kalmomi ta saiwa

A matakin farko kalma ɗaya-ɗaya ake tsinta. Daga nan kuwa sai ka koyi saiwa da rassanta. Yadda ma- ke ba mu ma'aikaci, makaranta da mabuɗi, haka Welsh ke da nasa ɗafe-ɗafen. Ɗafin -wr na mai aiki ne: gweithio (yin aiki), gweithiwr (ma'aikaci). Ɗafin -fa na wuri ne: swydd (muƙami), swyddfa (ofis), meddyg (likita), meddygfa (wurin ganin likita). Ɗafin -iadur na kayan aiki ne: gair (kalma), geiriadur (ƙamus), cyfrif (ƙirga), cyfrifiadur (kwamfuta). 'Yan sashen injiniya, ga naku: peiriant (inji), peiriannydd (injiniya), peirianneg (ilimin injiniya); trydan (lantarki), trydanwr (mai gyaran wuta). A farkon kalma kuma an- da di- suna juya ma'ana: hapus da anhapus (mai farin ciki da kishiyarsa), gwaith (aiki) da di-waith (marar aiki). In kalma biyu suka haɗu, ta biyun takan yi laushi: llyfr (littafi) da cell (ɗaki) suka ba da llyfrgell, laburare.

Jam'i kuwa, duk wanda ya girma da gidaje, karnuka, littattafai da huluna ba shi da bakin ƙorafi. Su ma haka: llyfr da llyfrau, cath da cathod, ci da cŵn, car da ceir, tŷ da tai, afon da afonydd. Wani abin sabo shi ne kalmomin da jam'insu ne asali, tilon ne ake ƙara wa ɗafi: plant (yara) da plentyn, coed (itatuwa) da coeden, sêr (taurari) da seren. Saboda haka kowane suna a littafina gida uku gare shi: kalmar, sifarta mai nuna jinsi, da jam'inta.

Lambobi ma tsari biyu ne. Na makaranta mai sauƙi ne: un deg wyth 18, dau ddeg 20. Na gargajiya da ashirin-ashirin yake tafiya: deunaw 18, wato tara biyu, ugain 20, deugain 40, pedwar ugain 80. Kada ka ce za ka tsallake shi, don da shi ake faɗin lokaci da kwanan wata: ugain munud i dri, ƙarfe uku saura minti ashirin. Har suna da cant namyn un na 99, daidai da ɗari ba ɗaya ɗinmu.

Arewa da kudu, baki da littafi

Kamar yadda Bakano da Basakkwace ke jin juna amma kowa da bakinsa, haka arewa da kudun Wales. Madara llefrith ce a arewa, llaeth a kudu. Yanzu rŵan ce a arewa, nawr a kudu. Kaka mace nain ce a arewa, mam-gu a kudu. Shi o ne ko fo a arewa, e ko fe a kudu. Shawarata: zaɓi ɗaya ka riƙa magana da shi, ɗayan kuma ka koyi ganewa. Ni na arewa na ɗauka, tunda malamina a Gwynedd yake.

Akwai kuma tazara tsakanin harshen littafi da na baki. "Ban sani ba" a rubutun adabi Nid wyf yn gwybod ne. A maganar yau da kullum Dw i ddim yn gwybod. A bakin yaron namu Dwn i'm. A kudu za ka ji Sa i'n gwybod. Na littafin ya samo ƙarfinsa ne tun daga fassarar Baibul da William Morgan ya yi a 1588. Ba sai ka yi magana da shi ba, amma za ka gamu da shi a takardun hukuma da littattafai. Kar ka manta kuma da ti da chi: ti na aboki ne da yaro, chi na jama'a ne da na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku".

Yadda nake raba mako

Ba ni da lokaci fiye da kowa. Ga lakca, ga aikin bita, ga rahoton da ba ya ƙarewa. Minti talatin nake warewa a rana. Litinin da Laraba sauraro: shirin Pigion, inda ake tsinto gutsattsarin shirye-shiryen BBC Radio Cymru don masu koyo. In na samu intanet na kyauta sai in sauke, in saurari gutsure ɗaya sau uku. Talata da Alhamis karatu: littattafan jerin Amdani, waɗanda aka rubuta bisa matakan masu koyo, ko labari ɗaya daga BBC Cymru Fyw ko Golwg360. Ina karantawa ina ja wa duk kalmar da ta sauya layi, in tambayi kaina me ya sauya ta. Juma'a rubutu: jumla biyar a kan makona, in saka su a Cysill Ar-lein, manhajar duba rubutu ta Jami'ar Bangor, ta nuna min inda na yi tuntuɓe. Ƙamus na waya kuwa Ap Geiriaduron nake amfani da shi, don yana nuna jinsi da jam'i. Asabar ranar malam ce. Lahadi hutu.

Gwada kanka

Haɗa waɗannan, ka sauya abin da ya kamata:
1. fy + brawd (ɗan'uwana)
2. i + Caernarfon
3. yn + Dolgellau
4. ei na mace + tŷ
5. dwy + merch ('yan mata biyu)
6. te + a + coffi

Amsa da "e":
7. Wyt ti'n licio te?
8. Oes gen ti amser?
9. Wnest ti orffen y gwaith?

10. Mayar da Mae Dad yn gyrru (Baba yana tuƙi) ta zama "Baba ne yake tuƙi."

Amsoshi: 1. fy mrawd 2. i Gaernarfon 3. yn Nolgellau 4. ei thŷ 5. dwy ferch 6. te a choffi 7. Ydw 8. Oes 9. Do 10. Dad sy'n gyrru.

In ka ci bakwai, ka fi ni a ranar da aka yi min dariya.

Gwamnatin Wales ta sa wa kanta burin samun masu magana da Welsh miliyan ɗaya kafin 2050, kuma kowane yaro da ya shiga aji suna lissafi da shi, har da namu. Ban ga laifinsu ba. Harshensu suke raya wa. Mu da muke da miliyoyi ba ma ƙirgawa, amma a gidan Yaya yaro ɗaya ne, kuma in Hausa ta suɓuce masa, ta suɓuce wa gidan ke nan. Har yanzu Welsh ɗina da sauran gyara, sauyin huci yana kufce min in na yi sauri. Sai dai minti ashirin ɗinmu yanzu yakan kai awa ɗaya, kuma shi yake tuna wa uwarsa cewa Asabar ta yi.

Makon jiya muna cikin rabin Hausa aka buɗe ƙofa a bayansa. Ya juya, ya dawo da murna ya ce, "Kawu, Mama ya dawo!"

Na gyara zama, na dube shi, na ce, "Dynes ydy Mam."

Ya yi shiru, ya rufe baki da hannu, sannan ya ce, "Ta dawo. Mama ta dawo."

Mai son ganin littafin kalmomina, ko mai son jefo min tambayoyin nan talatin, ya san bencin. Bayan la'asar nake zama.